Ciyawar da ke Ƙawata Filayen Ƙwallon Ingila

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san yadda filayen Firimiya ke haskawa da kore shar, ko a tsakiyar hunturun Ingila. Ciyawar da ke ƙarƙashin takalman 'yan wasan, mafi yawanta iri ɗaya ce: rayigiras, wadda masana tsirrai ke kira Lolium perenne. Asalinta daga Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka ne, kuma tana cikin jinsin ciyayin da ba sa walawa sai a yanayi mai sanyi.

Ta fi girma idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 24. Shi ya sa ƙarfinta a Ingila yake daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Satumba da Oktoba. Da zafi ya haura 30 sai ta ja baya, ganye ya ƙanƙance, cututtukan fumfuna su samu shiga, musamman in akwai laima.

Abin da ya sa masu kula da filaye suke ƙaunarta shi ne sauri da juriya. Irinta kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, kuma tana ɗaukar tattaki ba tare da ta mutu ba. Bayan ganyenta yana da sheƙi, don haka idan injin yanka ya kwantar da ita nan gaba, can baya, sai waɗannan layuka masu haske da duhu su fito. A Wimbledon, tun 2001 da ita kaɗai ake shuka filayen tanis, ana aske ta zuwa milimita 8.

Amma tana da rauni. Tsirowa take yi gungu-gungu, ba ta yaɗo, saboda haka inda ta ƙwaƙule ba ya cikewa da kansa. Dole a sake watsa iri. Ba ta son inuwa, shi ya sa manyan filayen da rufin 'yan kallo ke tare wa rana ake turo musu fitilu masu taya. Wajen yanka, ƙa'ida ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a lokaci guda. Ban ruwa ya fi kyau da asuba, a shayar da ita sosai har ruwan ya nitse, domin yayyafi na kullum yana hana saiwa yin zurfi. Taki kuma a lokacin girmanta ake zubawa, sannan a riƙa huda ƙasa domin iska ta shiga.

Gasar Kofin Duniya ta 2022 ta nuna iyakar rayigiras. A Katar, ciyawa mai jure zafi aka shimfiɗa a ƙasa, sannan aka watsa rayigiras a kai, har sai da aka sanyaya filayen da na'ura kafin ta kama.

Darasin a fili yake ga mai shirya filin makaranta ko harabar gida a Kano ko Maraɗi. Irin da aka ɗauko daga Turai zai iya yin kore a lokacin hunturu, amma zafin Afrilu zai gama da shi, a yi asarar kuɗi da ruwa. Ciyawar ƙiri-ƙiri da ke yaɗo a fadamunmu ita ce ta dace da ranarmu, kuma danginta ake shukawa a filayen ƙasashe masu zafi. Kafin ka sayi iri, tambayi yanayin da aka yi shi dominsa.