Targaɗen Idon Sawu: Me Ya Sa Yake Dawo wa Yaro?



Yau zancenmu na kan 'ya'yanmu masu buga ƙwallo, ko a filin makaranta ko a yashin bakin kogin Wudil. Yaro ya dawo gida yana ɗingishi, a shafa masa man zafi, bayan kwana uku sai ga shi a fili. Kafin wata biyu ƙafar nan dai ta sake gurɗewa.

To, uwargida, ga dalili. Targaɗe yana yaga jijiyoyin da ke riƙe da idon sawu ta gefen waje. Zafin yakan tafi cikin 'yan kwanaki, amma jijiyar takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta warke. Kuma ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa. Idan ta raunana, saƙon yakan makara, sai ƙafa ta turguɗe kafin yaro ya ankara. Shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa haɗarin sake yi. Wani bincike da aka yi a Dublin ta ƙasar Ayilan, aka wallafa a 2016, ya nuna kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka yi targaɗen farko, bayan shekara guda ƙafarsu ba ta daina gocewa ba.

Kina iya gane haɗarin a tsakar gidanki. Idan kumburi ya saɓe, ki sa shi ya tsaya kan ƙafar da ta yi ciwo, ya rufe ido na daƙiƙa 10. Sannan ya yi tsalle ya dira a kanta. Ki gwada da ɗaya ƙafar. In yana tangaɗi ko ya kasa, to wallahi bai isa komawa fili ba, ko da zai yi ta magiya.

Abin yi shi ne atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya kullum, daga baya a ƙara da ɗan tsallen langa. In ya koma wasa, a riƙa ɗaure idon sawun na wasu watanni.

Amma yaron da ya kasa taku huɗu bayan ya ji ciwo, kada a bari kowa ya ja ƙafar. A kai shi asibiti a ɗauki hoto, ƙila karaya ce. In ta kama, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano.

Allah Ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.