Abin Da Ke Hana Hoto Dushewa

A gidajen Gombe akwai tsofaffin hotuna baƙi da fari, waɗansu garau, waɗansu kuwa sun dushe. Sau da yawa laifin wanki ne.

Bayan hoto ya bayyana jikin fim, akan sami sauran gishirin azurfa wanda haske zai baƙanta. Ruwan fiksa ke narkar da shi, asirin da John Herschel na Ingila ya gano a 1819.

Mai wanki a gida ya lura da mintocin da fim ya ɗauka kafin ya washe cikin fiksa, ya ninka su biyu, sa'an nan ya ɗauraye minti 30. Da bazara a sanyaya ruwan zuwa digiri 20. Sauri dai ya haifi nawa.