Ruwa da Haske Daga Rufin Gidanmu

A ƙarni na 19, fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina suna sauka Salaga, garin da har yau ake yi wa kirari da "mai rijiya dubu". Magabata sun haƙa waɗannan rijiyoyi ne domin sun san halin ƙasar: damina ɗaya ce tak, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran shekara kuwa rani ne. Wanda bai yi tanadi ba, ya sha ƙishi.

Halin ƙasar bai sauya ba. A Karaga da ƙauyukanta, da zarar tafkuna sun ja baya a watan Fabrairu, mata da yara ne ke asubanci da jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor. Yendi ta dogara da kogin Daka, wanda ke raguwa ƙwarai da bazara. Ruwan tafki kuwa mun san illarsa, domin ta cikinsa kurkunu ya addabi arewacin Gana har zuwa 2010, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015 cewa an rabu da shi.

Alhali kuwa ruwa yana zuba a kan rufinmu. Yankinmu na samun kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita guda a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana karɓar lita 50,000, wato jarka 2,000 mai cin lita 25, mu kuwa muna kallo yana bin indararo zuwa kwata. Tankin lita 5,000 da aka cika a ƙarshen damina zai riƙe gida wata huɗu, idan sha da girki kawai ake yi da lita 40 a yini.

Sai dai akwai ƙa'ida. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a juya bututu cikin tanki. A sa raga a bakinsa, a rufe shi ruf saboda sauro. Na sha kuma a tafasa, ko a zuba a gorar roba mai haske a shanya a rana mai ƙarfi awa shida.

Rufin nan dai shi ne mazaunin faifan sola. Shekarun "dumso", daga 2012 zuwa 2016, sun koya mana kada mu dogara da waya kaɗai. Hukumar VRA ta buɗe tashar sola a Navrongo a 2013, daga baya ta ƙara na Lawra da Kaleo. Ranar da ke ciyar da su ita ce ke dukan kwanonmu. Ƙaramin faifai da batir sun isa fitilun ɗaki, cajin waya, da hasken karatun yara bayan magariba.

A kafa faifan yana ɗan kallon kudu, inda inuwar bishiya ba ta kai, a riƙa goge shi lokacin hunturu, domin ƙura na rage ƙarfinsa. Batir ne ke fara mutuwa, saboda haka kada a ɗora masa dutsen guga ko abin dafa ruwa. Ruwan wanka kuwa, baƙar jarka da ta yini a rana ta ɗumama shi ba tare da gawayi ba.

Iyalin da kuɗin tanki ya yi wa yawa na iya shiga adashi, ko masu gida ɗaya su haɗa hannu. Kuma tanadi ba ya amfani sai da tattali. Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, wanda bai kai lita ɗaya ba. Mu koya wa yaranmu wannan a bakin buta, mu kuma gyara indararonmu tun kafin hadari ya haɗu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.