Komawa Gudun Duwatsu Bayan Ciwon Agara

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuwa sun kai mita 1,829. Saboda haka samarin unguwanni irin su Nasarawa Gwom masu fita gudu da asuba ba su rasa hawa da gangara. Wannan yana ƙarfafa zuciya da huhu, amma yana ɗora wa agara nauyi mai yawa.

Mece Ce Agara?

Agara ita ce kakkaurar jijiyar nan da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya. Tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai jinin da ke ratsa ta kaɗan ne, don haka ba ta saurin warkewa. Zafinta yakan lafa tun kafin ƙarfinta ya dawo. A nan ne masu gudu da yawa suke ruɗuwa, su yi gaggawar komawa dutse, ciwo ya dawo sabo fil.

Matakan Komawa

1. Likita ya fara duba ƙafar. Wanda ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan ƙafa, kuma ya kasa ɗagawa a kan yatsu, mai yiwuwa agararsa ta tsinke. Ya garzaya babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Irin wannan yakan ɗauki wata 6 ko fiye kafin a koma gudu.

2. Idan kumburi ne da zafi kawai, zama wuri ɗaya ba ya maganinsa. A tsaya a bakin matakala, a ɗaga a kan yatsu, a sauke dunduniya a hankali. Likitocin ƙasar Suwidin sun nuna amfanin wannan a 1998, bayan masu ciwon sun yi mako 12 suna yi kullum.

3. A yi tafiya mai sauri ta minti 30 a shimfiɗaɗɗen fili ba tare da ɗingishi ba.

4. Daga nan sai sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 2, ana hutawa kwana ɗaya tsakani.

5. Hawa dutse shi ne na ƙarshe, da gajeren taku. A kiyayi santsin damina.

Ma'aunin Safiya

Da safe ne ake gane gaskiyar agara. Idan mutum ya sauko daga gado ya ji ta sage ko ta fi jiya zafi, to aikin jiya ya yi yawa. Sai ya koma matakin baya.

Gargaɗi

Maganin ciprofloxacin da danginsa, da allurar steroid a wurin ciwon, suna iya raunana agara har ta tsinke. Kada a yi amfani da su sai da umurnin likita, kuma a sanar da shi labarin ƙafar.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata uku na haƙuri sun fi shekara guda ta jinya.