Turaren Mata Mai Ƙamshin Fata da Itace: Cabochard a Kan Sikeli

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tambayar yau daga Indabo ta zo mana, can ƙaramar hukumar Wudil. Wata baiwar Allah ce aka kawo mata tsarabar turare mai suna Cabochard. Ta ce tana fesawa ta ji kamar ta buɗe sabuwar jakar fata, ga ɗaci-ɗaci, ba zaƙi ko kaɗan. Shi ne take tambaya: lalacewa ya yi, jabu ne, ko kuwa na maza aka ba ta bisa kuskure?

To 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Ƙamshin da kika bayyana shi ne ainihin nasa, kuma don mata aka yi shi. Amma kafin ki kyautar da shi, ko wata ta ji mu ta ruga ta zuba kuɗinta, bari mu warware zancen.

Da farko, me ya haɗa fata da turare? Ai turaren Faransa kansa daga wajen majema ya taso. Garin Grasse da ke kudancin ƙasar, wanda yau duniya ta sani da turare, da can garin jima ne. Duk wadda ta taɓa giftawa ta majema ta san abin da hanci ke gani. A ƙarni na 16 da na 17 sai masu sana'ar suka riƙa turara safar hannu ta fata da furanni don masu hannu da shuni su iya sawa. Sannu a hankali turaren ya fi fatar kasuwa.

Mu kuma nan ba baƙin fata ba ne. Fatun awakin Kano da Sakkwato, musamman na jar akuya, fatake sun daɗe suna ƙetara Sahara da su zuwa arewacin Afirka, daga can a sayar wa Turawa da sunan fatar Maroko. Da bagaruwa majemanmu ke jeme su. Je ki layin dukawa a Kurmi ko Ƙofar Wambai ki shaƙi sabon takalmi ko titimi, wannan ƙamshin mai ɗan ɗaci da ɗumi shi masu turare ke ƙoƙarin kamawa a kwalba. Mutanen Wudil kuwa, da kasuwar shanu ke ci a ƙofarsu duk Juma'a, ba sai an yi musu bayanin kirgi ba.

Abin mamakin shi ne, babu fata a cikin kwalbar. Ba a tatsar turare daga fata. Haɗawa ake yi har hanci ya yarda. A da sun fi amfani da kwaltar da ake samu idan an ƙona ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, wadda ke ba da ƙamshin hayaƙi. Daga baya aka samo wani sinadari, aisobutil kwinolin, mai kaifi da ɗaci kamar sabuwar fata. Shi ne ƙashin bayan Bandit na Robert Piguet da ya fito a 1944, kuma shi ne na wannan Cabochard ɗin.

Shi Cabochard ya fito a 1959, daga gidan ɗinki na Madame Grès a Paris. Wanda ya haɗa shi Bernard Chant ne, mutumin da daga baya ya haɗa Aramis na maza. Shi ya sa idan kin taɓa jin Aramis a jikin babanki ko kawunki, za ki ji kamar 'yan gida ɗaya ne. Ba ki yi ƙarya ba, hannu ɗaya ne. Sunan ma da Faransanci yana nufin mai taurin kai, kuma wallahi ya ci sunansa.

Yanzu bari mu bi shi daki-daki, yadda yake sauyawa a jiki.

Mintuna goma zuwa sha biyar na farko su ne jarrabawa. Yana buɗewa da kaifi, kore shar, kamar an murje ɗanyen ganye a tafin hannu, ga ɗan sabulu-sabulu a sama. A nan mafi yawan mutane ke yanke hukunci su ajiye kwalbar. Kada ki yi gaggawa.

Bayan kamar rabin awa sai furanni su leƙo, yasmin da wardi. Amma ba irin wardin nan mai zaƙi na turarukan Dubai ba. Busasshen fure ne, kamar wanda aka manta a cikin jakar fata ya kwana biyu.

Daga awa ɗaya zuwa sama, nan ne daɗin yake. Fatar ta lafa, itace ya fito: fachuli, ɗan sandal, wata gansakuka da ke fitowa a jikin itatuwan Turai, da kuma saiwar ciyawar da Turawa ke kira vetiver. Kin san mece ce ita? 'Yar uwar jema ce, ciyawar nan ta fadama mai ƙamshin saiwa. Ƙamshi ne na ƙasa da saiwa, dangin abin da kike ji a kajiji. Duk hancin da ya saba da turaren wuta, da farce da sandal na cikin humra, zai gane wannan matakin nan take.

Gaskiya ɗaya da za mu faɗa: wanda ake sayarwa yanzu bai kai na da nauyi ba. An taƙaita yawan wannan gansakuka a turaruka saboda tana sa wa wasu ƙaiƙayi, don haka aka sake haɗin. Idan wata Hajiya ta ce miki na zamaninsu ya fi, kada ki yi mata musu.

To wa ya dace da shi? Idan ke mai son ƙamshin alawa ce, banila da 'ya'yan itace, wannan ba naki ba ne, kada ki wahalar da kanki. Idan kuwa kin gaji da zuwa biki ki tarar ku goma ƙamshinku ɗaya, kina son abu mai natsuwa da kwarjini, na malamar makaranta ko ma'aikaciyar ofis da ba a raina ta, to gwada shi. Kuɗinsa ma bai kama ƙafar irin su Cuir de Russie na Chanel ko Tuscan Leather na Tom Ford ba, alhali duk dangi ɗaya ne.

Sai maganar yanayi. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacinsa. Busasshiyar iska tana kwantar masa da kaifi. Amma a zafin Maris da Afrilu, idan kika yi feshi huɗu kika shiga motar haya daga Wudil zuwa Kano, to ki shirya karɓar harara. Feshi ɗaya ya isa, biyu idan da dare ne. Ki shafa mai marar ƙamshi tukuna, don busasshiyar fata ba ta riƙe turare.

Haɗa shi da namu na gida fa? Da turaren wuta na sandal yana tafiya lafiya lau: ki turara kayan, ki fesa shi a jiki. Amma da humra mai nauyi, kowa so yake ya yi magana, sai su yi ta faɗa a jikinki. Zaɓi ɗaya.

Ga shawara ta ƙarshe, musamman ga masu haɗa lefe da masu saye ta waya. Irin wannan turaren ba a sayensa da ka. Ki nemi a tsiyaya miki kaɗan, ko ki fesa a bayan hannu ki tafi harkokinki, bayan awa uku ki sake shinshinawa. Ƙamshin da kika ji a lokacin shi za ki zauna da shi, ba na cikin shago ba. Wannan gwajin kuma yakan tona asirin jabu, don jabun yakan kwaikwayi ƙamshin farko ne kawai, kafin awa ɗaya ya bi iska. Ki duba lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta jikin kwali. Kuma kada a ajiye shi a taga ko cikin mota, zafi na kashe turare.

Hukuncinmu: turare ne mai kyau, amma ba na kowa ba. Sai mai haƙurin rabin awa ke cin moriyarsa.

Ku faɗa mana, wace ce a cikinku ta taɓa amfani da shi, ko wani mai ƙamshin fata? Kun ji shi na mata ne, ko har yanzu kuna ganin na maigida ne? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.