Kwana 17 a Dusar Ƙanƙara, Suna Kallon Cigiyarsu a Talabijin

Mai karatu, yaya za ka ji idan kana zaune gaban talabijin kana kallon cigiyarka, har ka ji an ce masu nema sun gaji sun koma gida, alhali ga ka nan da ranka, ba ka da hanyar cewa “ga ni”? Abin da ya sami wasu mutum shida 'yan gida ɗaya ke nan a jihar Oregon ta Amurka, a watan Maris na 2006.

Zumunci ne ya haɗa su. Wata mata da mijinta sun taso daga jihar Arizona zuwa garin Ashland, wajen ɗanta da matarsa da jikoki biyu, ɗaya mai shekara 9, ɗaya mai 8. Sun zo ne da irin motar nan ta Amurkawa mai ɗaki a ciki, wadda tsawonta ya kai ƙafa 35, da gado da murhun gas da makewayi, duk inda dare ya yi maka nan ne gida. Ranar 4 ga Maris suka ce bari a kai yara bakin Tekun Pasifik su sha iska. Tafiyar 'yan sa'o'i ce, a kwana ɗaya a dawo. Ba su isa tekun ba.

Tsakanin Ashland da teku akwai duwatsu masu dazuzzuka, waɗanda hanyoyin masu yankan katako suka keta ta ko'ina. Hanyoyin ƙanana ne, suna kama da juna, kuma ba a share musu ƙanƙara da hunturu. A ƙasa gari ya fara ɗumi, amma can sama hunturu bai tafi ba. Suka kuskure hanya, suka yi ta hawa, ga mota zungureriya da ba ta da wurin juyawa. Daga ƙarshe ta kafe a dusar ƙanƙara mai zurfin kusan ƙafa 4, a dajin da ke yamma da ƙaramin garin Glendale. Wayar salula ba ta kamawa a wurin. Kai da me za ka fara, mai karatu? Da tono, ko da ƙirga abincin da ke hannu?

A nan ne abin mamaki na farko yake. Ka tuna fargabar da ta kama duniya gab da shekarar 2000, lokacin da aka yi ta cewa kwamfutoci za su rikice, wuta ta ɗauke, bankuna su tsaya? Mutane da yawa a Amurka sun tara busasshen abinci saboda ranar. Ranar ta zo ta wuce lafiya, aka yi ta yi musu dariya. To, irin wannan guzurin ne yake ajiye a cikin motar, shekara shida babu wanda ya buƙace shi. Shi suka riƙa ci da awo. Suna ɗebo ƙanƙara su narkar su sha, suna tattalin gas da man mota saboda ɗumi. Tsoron wani bala'i da bai auku ba ya ciyar da su a cikin wanda ya auku.

Akwai kuma ƙaramin talabijin a motar. Ta nan suka ga an fara cigiyarsu. Ka yi tunanin murnar yaran nan: ai ana nemanmu, yau ko gobe za a zo. Sai dai babu wanda ya san hanyar da suka bi, saboda haka neman ya yi ta karkata zuwa wasu wurare. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Sannan labari ya zo a allon cewa an dakatar da nema.

Tsaya nan, mai karatu, domin wannan ce gaɓar da ta fi kama ni. Ga 'ya'yanka biyu a gabanka, abinci yana ƙarewa, gas yana ƙarewa. Masana ceto suna cewa kada ka rabu da motarka, domin ta fi mutum sauƙin hangowa daga sama, kuma ita ce mafakarka. Amma wannan shawara tana aiki ne idan akwai mai nemanka. Idan babu fa?

Duwatsun nan da kansu sun ba da amsa biyu masu karo da juna. A Nuwamban 1994 wani ɗan kasuwa ya maƙale da motarsa a kan hanyar Bear Camp, a wannan yanki. Ya zauna yana jira, yana rubuta wasiƙu, har yunwa ta kashe shi bayan kimanin mako tara. Sai a watan Mayun 1995 aka ga gawarsa. A Nuwamban 2006 kuma, James Kim, ɗan jaridar fasaha na shafin intanet na CNET, ya maƙale a yankin da matarsa da 'ya'ya mata biyu. Har tayoyin mota suka ƙona don ɗumi. Shi ya fita neman taimako a ƙafa, sanyi ya kashe shi. Matar da yaran da suka tsaya kusa da mota aka ceto su. Ɗaya ya zauna ya mutu, ɗaya ya tafi ya mutu. Wanne za ka zaɓa?

Mutanenmu raba ƙafa suka yi. Ranar 20 ga Maris uban yaran da matarsa suka ɗauki tanti da barguna da ɗan kifin gwangwani da zuma, suka bar 'ya'yansu a hannun kakanni, suka kama hanya. Ni a wurina jarumtar ba a tafiyar take ba, a juya bayan take: uwa ta dubi ɗanta ta ce za ta dawo, alhali ba ta da tabbas. Suka yini suna ratsa ƙanƙara, suka kwana a daji. Washegari, 21 ga Maris, suka ci karo da ma'aikatan hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya. Daga nan aka gano inda motar take, aka shiga da motocin ƙanƙara aka fito da sauran huɗun. Dukansu shida suna da rai, bayan kwana 17.

Garin Glendale ya cika da 'yan jarida, hotunansu suka zaga Amurka. Kana zaton labari ya ƙare ke nan? Can a Arizona ma akwai masu kallon talabijin, kuma cikinsu har da jami'an tsaro. Suka dubi kakar nan da mijinta da ke murmushi a allo, suka gane su: mutanen da suke da tuhumar miyagun ƙwayoyi a kansu tun shekarar 2005, aka neme su aka rasa. Ba a jima ba aka fitar da sammacin kama su biyun.