Makonni Uku Kafin Gudun Fanfalaki: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya saba fita sallar Asuba a nan Silet cikin sanyin hunturu ya san su. Samari ne biyar ko shida, wani lokaci har da wani magidanci mai furfura a gemu, da zarar an sallame sai su tuɓe jallabiya su kama hanyar Abalessa da gudu. Da farko mutanen gari dariya suke yi musu, har ana tambayarsu wa ya koro su. Yanzu an saba. Babu ɗaya daga cikinsu da yake cin abinci da gudu. Akwai makaniki, akwai mai aikin lambu, akwai mai shago. Abin da ya haɗa su shi ne sha'awar gudun fanfalaki, watau maraton, wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195.

Bara huɗu daga cikinsu suka ɗaura niyyar zuwa gudun da ake yi a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi kusa da Tinduf. Tun shekarar 2001 aka fara wannan tsere, galibi a watan Fabrairu, ana tashi daga sansanin Layun, a bi ta Ausard, a ƙare a sansanin Samara. Akwai na kilomita 42, da na 21, da na 10, da na 5. Mai karatu ya san Tinduf ba nan kusa ba ce. Daga Silet zuwa Tamanrasset kaɗai kimanin kilomita 130 ne, sa'an nan a fara maganar sauran tafiya. Saboda haka tun watanni kafin lokacin samarin suke tara dinari, wani ma sai da ya sayar da akuyoyi biyu.

Ana saura kwana 18 a tashi, sai ɗaya daga cikinsu, wanda na koyar da shi tun yana aji uku, ya iske ni a ƙofar gida bayan La'asar yana ɗan ɗingishi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ƙwaurina ne ke damuna, amma ba wani abu ba ne. So nake ka gaya mini ƙwayar da zan sha in ƙarasa horona." Na ce ya zauna ya ba ni labari daga farko. Ashe aikin gini ya kai shi Tamanrasset mako biyu bai yi gudu ba, da ya dawo sai ya ga kamar abokansa sun bar shi a baya. Don ya rama, ya yi kilomita 32 ranar Juma'a, ya sake yin 25 ranar Litinin, duk a kan kwalta, da takalmin da ya riga ya suɗe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin kuskuren yaron nan ba nasa ne shi kaɗai ba. Kusan duk wanda zai yi maraton karo na farko, tsoro yakan kama shi a makonnin ƙarshe, kuma tsoron nan ba ya sa mutum ya zauna, ƙara masa gudu yake yi. Alhali kuwa makonni ukun nan na rage gudu ne.

Iyayenmu da suka yi fatauci sun san wannan ba tare da sun karanta shi a littafi ba. Lokacin da ayarin Ahaggar yake ɗaukar gishirin Amadror zuwa Damargu ya sauko da hatsi, babu madugun da zai wahalar da raƙuminsa ana gobe tafiya wai don ya saba da wahala. Sakinsa ake yi a makiyaya ya ci ya ƙoshi, tozo ya cika, gyambon baya ya warke, sa'an nan a ɗora masa kaya. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Gudu mai tsawo yakan yi wa tsoka ƙananan raunuka da ido ba ya gani, yakan kuma ƙarar da sukarin da jiki ke ajiyewa a cikin tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin. Ba a lokacin gudu ƙarfi yake ƙaruwa ba, sai a lokacin hutun da ya biyo baya, sa'ad da jiki yake gyara abin da ya lalace. Ƙarfin da mutum zai samu daga gudun da ya yi yau, sai bayan kwanaki da dama zai gan shi. To, gudun wahala da aka yi ana saura mako guda, ribarsa ba za ta iso ranar tsere ba, gajiyarsa ce kawai za ta iso.

A shekarar 2007 wani masani mai suna Laurent Bosquet da abokan aikinsa suka tattara bincike 27 da aka yi a kan wannan magana. Abin da suka samu shi ne, mafi amfani a rage yawan horo da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 a tsawon mako biyu, amma kada a rage saurin gudun, kada kuma a rage yawan ranakun fita. Ribar da aka saba samu ba ta wuce kamar kashi 3 cikin 100 ba. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. To ya yi lissafi: ga mai gama maraton a awa 4, kashi 3 cikin 100 minti 7 ne. Minti 7 ke nan da mutum ya samu yana zaune a gindin dabino.

Alal misali, wanda ya saba yin kilomita 60 a mako, ya yi doguwar fitarsa ta ƙarshe, kilomita 30 ko 32, ana saura mako uku. Makon da ya biyo baya ya tsaya wajen 45, na gaba wajen 35, makon ƙarshe kuwa kada ya wuce 20, kuma a cikin kowace fita ya ɗan taɓa saurin da yake nufin yi ranar tsere na kilomita biyu ko uku, don ƙafa kada ta manta. A nan ne fa rigima take. Wanda ya saba gudu in ya rage, jikinsa yakan yi masa nauyi, ya riƙa jin ciwo a wuraren da bai taɓa ji ba, barci ya ƙi zuwa, ya riƙa yi wa iyali faɗa ba dalili. Magidancin nan mai furfura ya ce mini uwargidansa ta fi kowa ƙin makonnin nan. Wannan duk ba alamar ƙarfi ya gudu ba ne. Abin da aka yi wata huɗu ana tarawa ba ya zubewa cikin kwana goma.

In mai karatu yana son shaida, ga labarin Abebe Bikila na ƙasar Habasha, wanda ya ci maraton na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. A 1964, ƙasa da makonni shida kafin wasannin Tokiyo, aka yi masa aikin tiyata a ciki aka cire masa afendis. Mutane da yawa sun fid da rai. Ya je ya ci tseren a awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, saurin da babu wanda ya taɓa yi a duniya kafin ranar. Ba ina cewa tiyata magani ce ba, amma hutun dole bai kashe masa ƙarfi ba. Sai dai labarin yana da kashi na biyu, kuma shi ne wanda na ba wa ɗalibina. A 1968 a birnin Meksiko, Bikila ya shiga tseren da tsagewa a ƙashin ƙafarsa. Bai kai rabin tafiya ba ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. Mutumin da yankan ciki bai tsayar da shi ba, ƙashi ya tsayar da shi.

Na ce wa yaron, "Ɗana, nuna mini inda ke ciwo." Bai shafa da tafin hannu ba, yatsa ɗaya ya ɗora a kan ƙashin ƙwauri, ya ce nan. Na ce ya tsaya a kan ƙafar ita kaɗai ya yi tsalle. Sau ɗaya ya yi, ya dafa bango.

Ni ba likita ba ne, abin da na koya a kwalejin horon malamai game da motsa jiki da abin da na karanta daga baya shi ne jarina. Amma bambancin nan kowa zai iya riƙe shi. Ciwon gajiya yakan bazu a cikin tsoka, sau da yawa a ƙafafu biyun, yana sauƙi in jiki ya ɗumama, kuma yakan tafi cikin kwana biyu ko uku. Ciwon da za a iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda yake ƙaruwa in ana gudu, yake sa ɗingishi, ko yake tashin mutum da dare, wannan a ji tsoronsa, domin yana iya zama ƙashi ne ya fara tsagewa saboda yawan dukan ƙasa. Irin wannan tsagewa ko hoton asibiti ba kullum yake nuna ta ba a makonni biyu ko uku na farko, saboda haka in an ce hoto bai nuna komai ba, ba izinin gudu aka ba mutum ba. Warkewarta takan ɗauki mako 6 zuwa 8, wani wurin ma fiye. Ƙaho ba ya kai wa gare ta, man zafi ma haka, kuma maɗori, duk da ƙwarewarsa a karaya da targaɗe, ba shi da abin da zai ɗora.

Maganar ƙwaya kuwa, a nan nake roƙon matasanmu su saurara. Magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda wasu ke sha kamar gyaɗa, ba sa warkar da komai a nan, rufe bakin ciwon kawai suke yi har ɓarnar ta yi nisa. Bugu da ƙari, shan su a lokacin doguwar gudu, ga zufa ga ƙarancin ruwa a jiki, yana iya taɓa ƙoda. Sauran ciwace-ciwace, kamar na agara, ko na diddige wanda yake tsananta a takun farko da safe, ko na gefen gwiwa, sau da yawa in an ba su kwana uku ko huɗu, aka koma keke a madadin gudu, sukan lafa har a samu yin tseren a hankali.

Sai batun buri. Na lura samarinmu daga bakin abokai suke ɗauko burinsu: wane ya ce zai yi a awa uku da rabi, to ni ma haka. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce mutum ya duba abin da ya taɓa yi a kilomita 21, ya ninka biyu, ya ƙara minti 15 ko 20, in kuma karon farko ne ya ƙara fiye da haka. A ƙasa irin ta Tinduf, mai tsakuwa da yashi da iska, ba inuwa ko ta sisin kwabo, sai a sake ƙarawa. Wanda yake son awa 4, kowace kilomita minti 5 da daƙiƙa 41 ce. Mai son awa 5, minti 7 da daƙiƙa 7. Ni dai shawarar da nake ba su ita ce kowa ya tafi da buri uku a aljihu: wanda zai nema in rana ta yi kyau, da wanda zai koma wa in iska ta taso ko ciki ya juya, da na ƙarshe, watau ya ƙarasa da ƙafafunsa. Mai buri ɗaya tak, da ya ga agogo ya kuɓuce masa a kilomita 28, sai zuciya ta karye ya zauna.

Dalilin da ya sa ake cewa a fara a hankali shi ne, ajiyar sukarin nan ta jiki ba ta cika kai mutum ƙarshen kilomita 42 ba, takan ƙare wajen 30 zuwa 35, kuma wanda ya fara da gaggawa tasa ta fi saurin ƙarewa. Ɗan ƙasar nan Boughera El Ouafi, mutumin Ouled Djellal, ma'aikaci ne a masana'antar motoci ta Renault lokacin da ya ci maraton na Olamfik a Amsterdam a 1928, a ƙarƙashin tutar Faransa domin zamanin mulkin mallaka ne. Bai yi gaba tun farko ba, sai a kilomitocin ƙarshe ya wuce waɗanda suka riga shi. Alain Mimoun na yankin Telagh, wanda aka yi wa rauni a ƙafa a yaƙin Monte Cassino a 1944 har aka yi shawarar yanke ta, ya ci lambar azurfa sau uku a bayan Emil Zatopek kafin ya samu zinariya a maraton na Melbourne a 1956, yana da shekara 35. Wanda bai samu zuwa bana ba, ya tuna da shekarun mutumin nan.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sai na tsawaita ba. Kada a sa sabon takalmi ranar tsere, bororo zai fito tun kafin kilomita 15. Kada a gwada abincin da ciki bai sani ba. Taliya da shinkafa da kuskus da dabino da muke ci kullum sun isa, a ɗan ƙara su a kwana biyu ko ukun ƙarshe. Hawa Assekrem na kwana uku wai don jini ya ƙaru ɓata kuɗin mota ne, amfanin tudu sai an yi makonni a can. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi, kada a ɗura. Mu mutanen hamada mun fi sanin haɗarin ƙishirwa, amma yawan ruwa ma yana tsinka gishirin jini: a maraton na Boston a 2002, an gwada jinin masu gudu 488, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa. Sa'an nan a duba kalanda tun da wuri, domin a 2025 azumi ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya.

Ɗalibin nawa bai ji daɗin maganata ba. Ya ce, "Malam, kuɗin da na tara fa? Me zan ce wa mutane?" Na ce ya ce musu ƙafa ce. Ya yi kwana biyu bai gaishe ni ba, a rana ta uku ya gwada gudu a ɓoye, bai kai bakin gari ba ya dawo. Washegari ya shiga mota zuwa Tamanrasset, likita ya duba shi ya hana shi gudu mako shida. Sauran ukun suka tafi, biyu suka gama kilomita 42, ɗaya ya canza zuwa na 21 saboda gwiwa. Shi kuwa kuɗinsa ya sayi takalmi da su, ragowar ya ba mahaifiyarsa ajiya. A makonnin da aka hana shi gudu, shi ne yake bin abokansa a kan keke da jarkar ruwa a baya, yana riƙe musu agogo, yana yi musu tsawa in sun yi sauri.